Kakana da Mulkinsa Ke Ƙarewa da Azahar

Abin da ya fi ba masu zuwa gaisuwa mamaki shi ne kakana ya cika a kan shimfiɗarsa. Duk wanda ya shigo ya yi salati ya zauna, sai ya sassauta murya ya tambaya, "A gida ne?" In aka ce masa a gida ne, ciwon tsufa ne, sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya kamar an yi masa albishir. Gwaggona da ta taso daga Sabuwa, bayan ta sha kukanta ta share fuska da bakin mayafi, cewa ta yi, "Alhamdu lillahi, an yi mashi wanka da ruwan ɗumi, kowa ya ga huskarshi." Inda ƙasarmu ta kai mu ke nan. Mun yi inna lillahi a shekarun nan har ta zama kamar gaisuwar safe, kuma ni dai na gaji, ba zan ɓoye ba.

Mai unguwarmu ya dogaro sandarsa har ƙofar cikin gida don ya yi wa mata gaisuwa. Ya ce, "Mutumin nan bai taɓa barina na huta ba. Duk abin da anka ce a yi, sai ya ce wa ya ce, kuma wa ya ba shi iko. To yau wa zai tambaye ni?" Mun ɗauka dariya zai yi, sai muka ga hawaye na bin gemunsa. Wani tsohon Bafulatani kuma ya zo a ƙasa daga daji, ya zauna can gefen katanga inda babu tabarma. Mutane kaɗan ne suka ba shi hannu. Ya yi addu'arsa, ya shafa, ya koma tun rana da sauran tsayi.

Mahaifiyata, surukar mamacin, ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah ya gafarta mashi," ta ci gaba da tuƙa tuwon baƙi. Idonta ba ya kan tukunya, yana kan ƙanena da ke shiga da fita da butoci. Duk matan gidan sun san dalili. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ƙanena ya riga ya faɗa cewa bana zai koma noman gonar mahaifinmu da ke hayin rafi, wadda a cikinta 'yan bindiga suka kashe shi. Mutum ɗaya ne a duniya da in ya ce "ban yarda ba" ƙanena ba zai ƙetare ba, ga shi an kai shi makwancinsa bai faɗi kalmar ba.

Ni jikarsa ce ta fari, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Ƙanƙara. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don har yanzu ban gama faɗa da shi ba. 'Ya'yansa na ce masa Baba, mutanen ƙauyenmu da ke kusa da Daudawa na ce masa Baba Tsoho. Ni kuwa angona nake ce masa, irin wasan jika da kaka, shi kuma ya ce mini amarya mai tsadar gaisuwa.

Gidanmu gidan gandu ne. Ga yaran yanzu da ba su tarar ba, gandu shi ne babbar gonar gida wadda uba da 'ya'yansa maza ke nomawa tare, a zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Bayan ita kowane ɗa yana da gayauna, wato 'yar gonar kansa, abin da ya samu a ciki nasa ne. A yawancin gidaje sunan gayauna kawai ake ba ɗa, uba ne ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a sayar. A gidanmu kuwa kakana ya yanke wa kansa iyaka tun kafin a haife ni. Daga asuba zuwa azahar shi ne sarki, kuma sarki mai zafi, don ya iya faɗa a bakin kunya har makwabtan gona su jiyo. Da ladan ya kira azahar sai ya saɓa fartanyarsa ya ce, "To, mulkina ya ƙare. Kowa ya kama gabanshi." Daga nan har wayewar gari ba ya aiken ɗansa ko ɗibar ruwan alwala sai da roƙo.

Kuma ba ya shiga gayaunar kowa sai ya yi sallama an amsa. Na sha ganinsa tsaye a bakin iyaka, gona fili ba katanga ba ƙofa, yana ta sallama kamar baƙon da ya zo gidan surukai. In mai gonar ba ya nan, juyawa yake yi. Akwai shekarar da baffana, ƙanen mahaifina, ya cika gayaunarsa da wake ya matse shi ƙwarai, duk wanda ya san noma ya san ganye kawai zai yi. Kakana ya tsaya a iyaka yana cizon leɓe, ya ce, "In ka tambaye ni, ina da magana." Baffa ya ce bai tambaya ba. Tsohon ya dawo gida ya sauke duk masifar a kan kakata, ta ce masa ai ba ita ta shuka ba. Waken ya yi ganye kamar yadda aka zata, awaki suka ji daɗin shekarar, kuma bai taɓa yi wa baffa gori ba.

Har mu mata ya yanka mana. Ina 'yar firamare ya ba ni wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, na shuka kuɓewa. Ranar da ya yi sha'awar miyar ɗanyar kuɓewa ya zo ya yi sallama ya ce, "Amarya, a taimaki ango." Na ce ban ba shi ba, don ya hana ni bin su Inna biki. Ya ce, "Haƙƙinki ne," ya koma ya ci tuwonsa da miyar kuka yana ta mita cewa ya auri marowaciya. Kuɓewar tana nan a gabansa, ba wanda zai ce masa don me in ya tsinka.

Ya taɓa gaya mini inda abin ya samo asali. Yana saurayi Daudawa garin auduga ne, amma mai saye ɗaya ne, sikeli nasa, farashi nasa, kuma doka ta hana ka kai kayanka wani wuri. Ya ce ya ga ubansa, dattijo mai furfura, ya tuɓe hula ya durƙusa gaban wani malamin awo yana roƙon kada a mayar masa da audugarsa ta ƙasa. Malamin ya ce masa ya yi haƙuri, duk wannan tsarin don amfanin manoma aka yi shi. "Tun rannan," in ji kakana, "in na ji an ce don amfaninka ne, sai in duba ƙahwata in ga ko an ɗaura igiya."

Ra'ayinsa game da hukuma bai da tsawo, kuma bai karanta shi a littafi ba. Cewa yake yi hukuma mai gadi ce da gari ya ɗauka. Aikinta ta tsare hanya, ta raba masu faɗa da gaskiya, ta kama wanda ya taɓa kayan wani. "Mai gadi a ƙohwa yake tsayawa. Ran da ka gan shi a tsakar gida yana leƙa tukunya yana ce ma matarka gishiri ya yi yawa, to ka san ƙohwa ba kowa." Sau ɗaya ya je layin takin gwamnati a Faskari. Ya ga ana tambayar mutane wa suka zaɓa kafin a ba su, ya ga dattawa na yi wa yaran 'yan siyasa kirari, sai ya karkaɗe rigarsa ya dawo. Da aka so naɗa shi mai unguwa ya ce shi da mulkin gidansa ma rabin yini yake iyawa, a ba wani.

Ni da shi mun sha kai ruwa rana a kan wannan. Nakan ce masa makarantar da na yi wa ya gina ta, allurar da ta hana jikokinsa shan inna wa ya kawo ta, albashina wa ke biya. Sai ya ce, "Au, na manta amaryata ta sake aure, ta auri gwamnati." Wani lokaci ya yarda ina da gaskiya, wani lokaci ya shiga gyangyaɗin ƙarya. Kuma ba zan ce hanyarsa ba ta da asara ba. Baffana ya ce ya gaji da makaranta tun yana yaro, tsohon ya yi masa nasiha ya ƙyale shi. Yau baffa ba ya iya karanta saƙon waya, kuma ya taɓa ce mini da ma an zane shi an mayar da shi aji.

Takin da yake amfani da shi na shanun Bafulatanin nan ne da ya zo gaisuwa. Kowace kaka in an girbe, sai ya sauka da garkensa a gandunmu, shanu su ci kara su bar taki, ba takarda ba shaida, haka suka yi tun suna da ƙarfinsu. Da fitinar daji ta yi tsanani aka fara ɗauke mutane a hanya, sai gari ya yi taro a ƙofar mai unguwa aka yanke cewa kada wanda ya sake sayar wa Bafulatani hatsi, kada a bar su su sha a rijiya. Kakana ya miƙe ya ce, "Wanda ya yi laihi yana da suna. Ku hwaɗi sunanshi, ni zan fara riƙe mashi hannu. Amma mutumin ga mi ya yi? Shi ma an kore mashi shanu." Mai unguwa ya ce shawarar jama'a ce. Kakana ya ce jama'a ba su haƙa masa rijiya ba, kuma dawar da ke rumbunsa ba jama'a suka nome ta ba. A taron nan kuma aka ce dole kowane gida ya ba da ɗa guda ya shiga aikin sa-kai. Ya ce abin da aka kira sa-kai ba a yin sa dole, wanda ya ga zai iya ya shiga, shi zai ciyar da su daga rumbunsa, kuma ya ciyar ɗin. Duk da haka an daina amsa gaisuwarsa a masallaci na wani lokaci, har yara suka riƙa ce masa infoma a bayan ido. Bai fasa auna wa tsohon abokinsa dawa ba, da rana tsaka, a ƙofar gida inda kowa zai gani.

Sai kuma lokacin da hukuma ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, ta hana sayar da mai a jarka, ta yanke layukan waya, wai don a matse mutanen daji. Ina Ƙanƙara ban san halin da gida ke ciki ba sai in wani ya zo. Da na samu na je, na tarar da waken gandu ya fara ƙwari a buhu saboda kasuwar 'Yankara a rufe take, tsohon yana zaune yana tankaɗe shi da hannu. Ban taɓa jin muryarsa a sanyaye kamar ranar ba. Ya ce, "Aiki guda munka ɗauke su, amarya, su tsare ƙohwa. Shi kaɗai ne ba su yi ba. Amma duk wanda ba mu sa su ba sun iya." Ban yi masa gardama ba ranar, don ni ma a kan hanyar zuwa ban ga mai gadi ko ɗaya ba sai masu karɓar na goro.

A damanar da ta biyo baya ne abin ya faru. Gonakin kusa da gari ba su isa ciyar da gidan ba, sai mahaifina ya yi shahada ya shuka dawa a gayaunarsa ta hayin rafi. Allah ya ba shi, dawar ta yi kyau ta nuna. Sai aka fara ganin babura a wajen, aka ɗauke mutum biyu a gonar da ke maƙwabtaka da tasa. Mahaifina ya ce zai je ya yanko ko da rabi ne. Ina gida lokacin, na zo hutu.

Mahaifiyata mace ce mai kunyar surukai irin ta da. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da kakana ba, ko sunan da ya yi kama da nasa ba ta faɗa. Ranar ta ajiye kunyar, ta je ta durƙusa a ƙofar turakarsa ta ce, "Baba, ka hana shi. Kalma guda za ka hwaɗa." Gaskiya ta faɗa. A wurinmu ɗa ko ya yi furfura ba ya ƙetare "ban yarda ba" ta uba, don yana tsoron ya rasa albarka.

Kakana ya sa aka kira mahaifina bayan an sauko daga sallar azahar. Ya faɗa masa duk abin da ya ji da duk abin da yake tsoro, bai rage komai ba. Ya ce a raba abin da ke rumbu a ci kaɗan-kaɗan har Allah ya kawo wata. Ya ce, "In ni ne, ba ni zuwa." Mahaifina ya ce yara sun fara kwana da kunu, ga abinci tsaye a gona tsuntsu na ci. Sannan ya ɗaga kai ya tambaya, "Baba, ka hana ni ne?" Ina tsaye a bayan zana ina saurare. Sai na ji tsohon ya ce, "Gayaunarka ce. Azahar ta wuce, ban da iko. Amma ina roƙonka." Mahaifina ya roƙe shi ya yi masa addu'a, ya ɗauki laujensa ya fita. Kafin magariba aka dawo da shi a amalanken shanu, an rufe shi da buhunan da ya tafi da su.

Daga ranar mahaifiyata ta koma kunyarta, amma wata iri. Takan aika masa da tuwo, takan gaishe shi daga nesa, ba ta ƙara ko harafi. Ni kuma na daina ce masa angona. Bayan an share makoki na same shi a gindin ɗorawar da ke gayaunarsa ta bayan gida, ban yi sallama ba na shiga, da gangan. Na ce masa kalma ɗaya ce ta raba ni da ubana, kuma tana bakinsa ya hana. Na ce ra'ayinsa ya fi masa ɗansa. Na faɗi abin da jika ba ta faɗa wa kaka.

Bai tsawata mini ba. Ya ce, "Kin ɗauka ban so in hwaɗe ta ba? Tana nan a maƙogwarona har yanzu." Ya ce mahaifina mutum ne mai iyali da ya auna yunwar 'ya'yansa da ransa ya zaɓa, kuma in ya ɗaure shi ranar saboda tsoro, to ya zama malamin awon nan, shi ma ai don amfanin mutane ya ce yake yi. Sannan ya ce, "Amma ban sani ba, amarya. Wallahi ban sani ba ko na yi daidai. Kullum sai na tambayi Allah." Ya sa hannun riga ya rufe fuska. Na so in ji ya kare kansa don in sami abin ci gaba da faɗa, sai ya bar ni tsaye da fushina ba inda zan ajiye shi.

Bai sake zama mutumin da na sani ba. Faɗan bakin kunya ya ƙare, ya bar wa baffa jan gandu. In an yi azahar sai ya ja buzunsa gindin ɗorawa ya zauna yana kallon hanyar rafi har a kira la'asar. Amma ko a haka, ranar da wasu samari suka zo suna cewa a tilasta wa kowa ya bar gonakin nesa, wanda ya ƙi a ci shi tara, sai da ya ɗaga murya ya tambaye su wa ya ba su iko.

Ƙanena ya girma a cikin wannan, ya yi aure, ya sami ɗa. Kuma ga inda abin ya tsaya masa. Tunda mahaifinmu ya riga kakanmu rasuwa, mu ba mu da gado a gandu, na baffanni ne da gwaggonni. Abin da ƙanena ya mallaka a duniya shi ne gayaunar hayin rafi. Da aka fara cewa an yi sulhu da mutanen daji, wasu suka koma gonakinsu, wasu suka dawo lafiya, wasu ba su dawo ba. Ƙanena ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana ƙwadago a gonar mutane ba alhali ƙasar ubansa na kwance ciyawa ta cinye.

Ana cikin haka ciwon kakana ya tashi. Da muka ga jikin ba na tashi ba ne, mahaifiyata ta sake ajiye kunya, karo na biyu a rayuwarta. Da hantsi ne, ina zaune ina ba shi kunu a cokali. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, na ba ka ɗaya. Kada ka sa in ba da na biyu." Sannan ta ƙara da cewa, "Yanzu hantsi ne, Baba. Azahar ba ta yi ba. Ka hana shi." Ya rufe ido, na ga hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Ya ce a kira masa yaron, a kira baffa ya zama shaida.

Da suka zo ya ce wa ƙanena, "Gayaunata ta bayan gida, mai ɗorawa, na ba ka ita. Ba gado ba ne, kyauta ce, baffanka ya ji." Gonar nan tun yana saurayi yake nomanta da hannunsa, ba wanda ya taɓa sa mata fartanya sai shi. Ƙanena ya ce, "Baba Tsoho, in na karɓa sai in bar ta hayi?" Ya ce, "Ban ce ba. Na ƙara maka ne, ban rage maka ba. Ina tsoron hayin nan kamar yadda na ji tsoronshi ran ubanka, kuma ina roƙonka kamar yadda na roƙe shi. Rannan roƙo kawai gare ni. Yau ga ƙasa." Ƙanena ya ce ta bayan gida ba ta kai rabin waccan ba, kuma ta gaji, ba za ta kai su rani ba. Tsohon ya ce ya sani. Ƙanena ya ce zai yi tunani. Mahaifiyata ta tashi ta fita, na ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya a madafa.

Da suka fita na ce masa, "Kai dai ba ka canzawa, angona." Ban san sunan ya fito ba sai da na ji shi. Ya buɗe ido ya ce, "Au, an mai da aure?" Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Ya cika bai ji amsar ƙanena ba.

Ruwan shuka ya sauka washegarin sadakar bakwai, baƙi sun watse, saura ni ina haɗa kayan komawa Ƙanƙara. Da safe ƙanena ya bi baffa gandu kamar kullum. Bayan azahar ya shigo ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri. Mahaifiyata ta kama mini wuyan hannu ta matse har ya yi zafi, ta ce, "Ke ce babba yanzu. Ki yi mashi magana." Na ja mayafi na bi shi.

A bayan gidanmu hanya ta rabu biyu, ɗaya ta gangara rafi, ɗaya ta zaga gindin ɗorawa. Ya tsaya a mararrabar ya daɗe, ni kuma ina bayansa ina kallo. Sai ya juya wajen ɗorawa. Da ya kai bakin iyaka ya tsaya cak, ya ce, "Salamu alaikum." Tun yana yaro bai taɓa taka gonar nan ba sai an amsa masa. Iska kawai ke kaɗa ganye, ga gurbin da buzun tsohon ya bari a ƙasa. Ya sake yin sallama, muryarsa ta karye. Na ga in ba a amsa ba zai juya, kuma na san inda ɗaya hanyar ta nufa. Na ce, "Wa alaikumus salam. Shiga."

Ya shiga, ya sara rami na farko, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Bana kawai, Yaya. Baɗi zan haye rafi."

Kalmar nan ta taso mini har kan harshe. Ni ce babba, uwarmu na bayana, in na faɗa da sunanta zai ji. A nan na san nauyin abin da tsohon ya riƙe a maƙogwaro shekarun nan, kuma har yau ban ce ya yi daidai ba. Na dubi rana, ta riga ta karkata. Na ga yana sara shi kaɗai ba mai bin sa da iri, ga ƙwaryar a ajiye a kan kunya. Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai na mayar da ita. Na tsaya a bakin iyaka na yi masa sallama, na jira har ya amsa.

Allah ya jiƙan angona, ya yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa. Allah ya sa duk wanda zai shigo masa kabari ya shigo da sallama.